Tankar da aka yi wa fenti irin na bango: dabarar sojojin Birtaniya a Berlin da yadda za ku kwaikwaye ta

Da za a raba wa 'yan aji takarda da kala, a ce kowa ya zana tankar yaƙi, da wuya a samu wanda hannunsa ba zai fara kaiwa ga kore ba. Wasu su ƙara da ɗigon baƙi da ruwan ƙasa a karkace, irin na kakin soja. Haka muka saba gani a fim da talabijin, kuma akwai dalili: an yi wannan launin ne domin abin da zai laɓe a daji ko a cikin gona. To, idan tankar ba daji za ta shiga ba fa? Idan aikinta shi ne ta tsaya a bakin titi, bayanta bene mai hawa biyar, gefenta shago, ƙarƙashinta kwalta?

Wannan tambayar ce ta dami wani hafsan sojan Birtaniya a birnin Berlin na ƙasar Jamus a shekarar 1982. Amsar da ya samo wani irin fenti ne mai gida-gida kamar allon dara, fari da ruwan toka da ruwan ƙasa, wanda har yau masu haɗa ƙananan samfuran tankoki suke sha'awarsa, suke kuma shakkarsa. Suna sha'awarsa saboda kyansa a ido. Suna shakkarsa saboda ba ya yafe wa malalacin da ya ƙi ɗaukar rula.

Birni a tsakiyar abokan gaba

Bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, ƙasashen da suka ci yaƙin sun raba birnin Berlin gida huɗu: Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet, kowa da yankinsa. Daga baya yankuna ukun farko suka zama Berlin ta Yamma. Matsalar ita ce birnin yana can cikin ƙasar Jamus ta Gabas, wadda ke tare da Sobiyet, kusan kilomita 160 daga iyakar Jamus ta Yamma. Tsibiri ne, amma ba ruwa ne ya kewaye shi ba. A ranar 13 ga Agusta 1961 aka fara gina Katangar Berlin, wadda ta zagaye yammacin birnin da tsawon kusan kilomita 155. A bayan katangar, a faɗin Jamus ta Gabas, akwai sojojin Sobiyet fiye da 300,000 da dubban tankoki. A watan Oktoba na wannan shekarar ma sai da tankokin Amurka da na Sobiyet suka yi cirko-cirko a mashigar da ake kira Checkpoint Charlie, kowa ya saita ɗan'uwansa, kafin a janye ba tare da an yi harbi ba.

Me Birtaniya take da shi a cikin wannan tsibiri? Birged guda ta sojan ƙasa, da rukunin tankoki guda ɗaya tak a barikin Smuts da ke unguwar Spandau. Tankokin ba su kai ashirin ba. A farkon shekarun 1980 samfurin Chieftain ne, tankar da ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1960: nauyinta kusan tan 55, igwarta mai faɗin baki milimita 120, mutum huɗu a ciki, direban ma a kishingiɗe yake tuƙi domin a rage tsayin gabanta. Tanka ce mai ƙarfi, amma ko yaro ya san ƙasa da ashirin ba sa tare dubbai. Da yaƙi ya ɓarke, abin da ake fata daga gare su shi ne su ɓata wa abokan gaba lokaci a lunguna da mararrabar tituna. A irin wannan faɗa, wanda ya fara ganin wani shi ke fara harbi. Daƙiƙa uku ko huɗu da maharbi zai ɓata yana tantama, shin tanka ce wancan ko bango ne, su ne tsakanin mutum huɗu da ajalinsu.

Amma duk da haka, fentin da ke jikin tankokin kore ne mai duhu. A gaban farin gini sai su fito ɓaro-ɓaro kamar ƙuda a cikin nono.

Manjo da kwalinsa

Hafsan da ya ƙi yarda da wannan shi ne Manjo Clendon Daukes, kwamandan rukunin tankokin, daga rundunar 4th/7th Royal Dragoon Guards. Abin da zai burge ku, ku da kuka saba ƙera motar kwali da ta gwangwani, shi ne kayan aikin da ya fara da su. Kwali ya samu ya yanka surar Chieftain, ya riƙa jingina ta a tagar ofishinsa yana kallonta a gaban gine-ginen da ke waje, yana sauya launi yana sauya tsari.

Da ya ƙura wa birnin ido, sai ya lura da abin da kowa ke gani kullum amma ba ya kula. Daji cike yake da lanƙwasa: reshe, ganye, tudu, inuwa mai yaɗuwa. Birni kuwa da layuka miƙaƙƙu aka gina shi, na tsaye da na kwance. Taga kusurwa huɗu, ƙofa kusurwa huɗu, bulo da allon talla da shinge duk haka. Hatta inuwar da gini ke jefawa bakinta a miƙe yake kamar an ja shi da rula. Launukan ma ba su da yawa: farin bango, tokar siminti da kwalta, ja-ja na bulo, sai duhun tagogi. Saboda haka ya tsara fenti mai gidaje masu kusurwa huɗu, fari da ruwan toka mai ɗan shuɗi da ruwan ƙasa, da ɗan baƙi a wasu wurare.

Yaya wannan yake ruɗar ido? Ƙwaƙwalwar mutum ba ta tsayawa ta ƙirga ƙusoshin tanka kafin ta ce ga tanka. Surar waje take kamawa: faffaɗan jiki, kai mai juyawa a sama, dogon hancin igwa. Idan launi ɗaya ne daga gaba har baya, surar tana nan cif. Amma idan aka yanka ta gida-gida da launuka masu saɓani sosai, sai farin gida ya haɗe da farin bangon da ke baya, mai duhu ya zama kamar taga ko inuwa, ruwan ƙasa ya bi ginin bulo. Sassan tankar suna nan a gaban idonka, amma zaren da ya ɗinke su ya tsinke. Hatta eriyar rediyo, wannan siririn sanda da ke tona asirin motar soja daga bayan katanga, an yi mata fenti gaɓa-gaɓa da launuka daban-daban don kada ta fito a matsayin layi guda.

Dabarar tana da kaka. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1917, wani mai zane ɗan Birtaniya, Norman Wilkinson, ya kawo shawarar a riƙa yi wa jiragen ruwa fenti mai manyan ratsi-ratsi masu ɗaukar ido. Ya san ba a ɓoye jirgi a tsakiyar teku. Manufarsa ita ce maharbin jirgin ƙarƙashin ruwa ya kasa gane ina ne gaban jirgin, ina ya dosa, da wane gudu. Fentin Berlin ya ɗauki wani abu daga wannan tunani, sai dai shi yana neman abu biyu a lokaci ɗaya: ya saje da gini, ya kuma wargaza sura.

Akwai ƙa'idoji biyu a tsarin da ya kamata duk mai son kwaikwayonsa ya riƙe, domin a nan ne hikimar take.

Ta farko, girman gidajen. An tsayar da shi a kusan inci 18, wato kimanin santimita 45, kuma ba a ƙara shi ba a rage shi saboda girman mota. Ko a jikin Chieftain ne, ko a motar sulke mai ɗaukar sojoji ta FV432, ko a ƙaramar Land Rover, ma'aunin ɗaya ne. Me ya sa? Domin ba daga jikin motar aka samo ma'aunin ba, daga birnin aka samo shi. Tagar gida ba ta ƙanƙancewa don ƙaramar mota ta tsaya a gabanta. Idan aka yi wa Land Rover 'yan mitsi-mitsin gidaje don su dace da jikinta, daga nesa sai launukan su cakuɗe su koma launi ɗaya, surarta ta dawo.

Ta biyu, duk tankokin tsari ɗaya aka yi musu, gida kaza a wuri kaza. A fentin daji kowace mota takan ɗan bambanta da 'yar'uwarta, mai lura kuma zai iya gane su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda makiyayi ke gane shanunsa da zanen jikinsu. A Berlin, inda masu leƙen asiri ke kallon bariki dare da rana, wannan haɗari ne. Idan duk kamarsu ɗaya, wanda ya ga tanka a wannan titi da safe, ya ga wata a wancan da yamma, ba zai iya rantsewa ko biyu ya gani ko ɗaya ce ta zagayo ba. Ga rundunar da ƙarancinta shi ne babban rauninta, hana a ƙirga ta ma makami ne.

Kada kuma mu zuzuta abin fiye da kima. A kusa, fentin ba ya ɓoye komai, ƙara jan ido ma yake yi. Sai an ja da baya kamar yadi 50 zuwa 100 yake fara aikinsa, kuma sai tankar tana tsaye cik a gaban gini. Da ta motsa, magana ta ƙare. Ba ya rufe rugugin inji, ba ya hana hayaƙi tashi, kuma na'urar da ke gano zafin jiki ba ruwanta da launi. Sannan idan tankar ta fita daga cikin gine-gine ta shiga dajin Grunewald da ke cikin birnin, to fentin da ke kare ta shi zai tona ta. Kowane fentin ɓad-da-kama ɗan wuri ɗaya ne. A ganina wannan ba aibi ba ne: Daukes ya zaɓi wurin da yake ganin mutanensa za su yi faɗa, ya yi wa wurin aiki.

Yaƙin da aka shirya wa bai zo ba. Katangar ta buɗe ranar 9 ga Nuwamba 1989, Jamus ta haɗe ranar 3 ga Oktoba 1990, sojojin Birtaniya kuma suka bar Berlin a 1994. Ke nan ba a taɓa gwada fentin a gaban wuta ba, mazauna birnin kuwa ba su yi baƙin cikin hakan ba. Amma tunanin bai mutu ba. Da sojojin Birtaniya suka dawo kan nazarin faɗan cikin gari a ƙarƙashin wani shiri mai suna Streetfighter, sun fito da tankar Challenger 2 da fenti mai gida-gida irin na Berlin, suka gwada ta a Copehill Down, wani ƙauyen atisaye da aka gina a filin Salisbury na Ingila.

Daga tan 55 zuwa tafin hannu

Yanzu mu dawo kan teburinku. Masu haɗa samfura suna aiki da abin da malamin lissafi ke koya muku a darasin rabo. Ma'aunin da ya fi shahara ga tankoki shi ne 1/35: kowane santimita ɗaya a jikin samfuri yana wakiltar santimita 35 a jikin ta gaske. Akwai kuma ƙanana, 1/72 da 1/76. Kamfanoni irin su Tamiya na Japan da Takom suna sayar da Chieftain ta roba a ma'aunin 1/35, gunduwa-gunduwa a cikin kwali, mutum ya haɗa da gam ya yi fenti. Suna da tsada, kuma ba a kowace kasuwa ake samunsu ba. Wannan bai isa ya hana ku ba. Wanda ya ƙirƙiro fentin ma da kwali ya fara.

Ku ɗauko biro mu yi lissafi. Tsawon jikin Chieftain kusan mita 7.5 ne. A raba da 35, ya ba mu santimita 21 da ɗoriya. Idan aka haɗa da igwa tana kallon gaba, kusan mita 10.8 ne, wato kimanin santimita 31 a samfuri. Faɗinta kusan mita 3.5, wato santimita 10. Tsayinta kusan mita 2.9, wato santimita 8 da ɗan kai. Ga kuma lambar da ta fi kowace muhimmanci: gidan fenti mai santimita 45, idan aka raba da 35, ya zama milimita 13. A ma'aunin 1/72 kuwa milimita 6 ne da 'yar ɗoriya, abin da sai mai haƙurin gaske.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aikin kada ku yarda da shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya dubi hoto ya ce ai gida-gida ne, ya kama zanawa yadda ya ga dama. Wani ya yi su manya-manya guda biyar a gefe ɗaya don ya gama da wuri, wani ya yi su ƙanana kamar zanen atamfa. Duka biyun sun zubar da ƙa'idar da aka gina fentin a kanta. Ku gwada da lissafi: mita 7.5 a raba da santimita 45 ya ba da 16 da ɗoriya. Ke nan idan kuka jera ma'aunin milimita 13 daga gaban samfurinku zuwa bayansa, ya kamata ya shiga sau 16 ko kusa da haka. Ba wai kowane gida murabba'i ne cif ba. A hotunan tankokin za ku ga wasu sun miƙe a kwance, wasu a tsaye, wasu sun haɗu da maƙwabtansu masu launi ɗaya. Abin da ake so shi ne milimita 13 ta zama tsanin da kuke auna komai da shi. Ku nemi hotunan tankokin Berlin na gaske a intanet, na gefe da na gaba, ku kwafi tsarin a takarda mai layukan murabba'i kafin ku taɓa samfurin. Tunda duk tankokin tsari ɗaya ne, hoton wannan zai cike muku abin da hoton waccan ya ɓoye.

Wahala ta gaba ita ce jikin tanka ba allo ba ne. Gabanta a gangare yake, kanta mai juyawa kuma a lanƙwashe. Idan kuka bi gangaren da rula, layukan za su karkace, alhali ana so mai kallo daga titi ya gan su a tsaye da a kwance kamar na gini. Ga dabara: ku ajiye samfurin a kan tebur mai laushin fuska, ku kwantar da fensir a kan littafi, bakinsa yana taɓa jikin samfurin, sai ku riƙa zagayawa da littafin. Layin da zai fito a kwance yake daidai, ko da jikin ya lanƙwashe. Ku ƙara tsayin littattafan da milimita 13 ku sake zagayawa. Layukan tsaye kuma, ku ɗauko ma'aunin nan mai siffar alwatika daga akwatin kayan lissafinku, ku tsayar da shi a kan tebur ku bi gefensa.

Sai fenti. A jikin kwali, ragowar fentin bango na ruwa ya wadatar, ya ma fi fentin mai, domin ba ya sheƙi, kuma sheƙi abokin gabar ɓad-da-kama ne. Ruwan toka: fari da ɗan baƙi da ɗigon shuɗi. Ruwan ƙasa: ja da rawaya da ɗan baƙi. Ku sa wa kowanne ɗan fari fiye da yadda kuke tsammani, domin launi yakan fi duhu a ido idan yana jikin ƙaramin abu. Farin kansa ku ɗan dusashe shi da toka, tankar da ke yawo a titi ba ta zama fara fat kamar rigar Sallah.

Ku fara da mai haske. Ku shafe samfurin duka da fari, siriri-siriri sau biyu, ku bar shi ya bushe sarai. Sannan ku yanka salatif na takarda, irin wanda masu fentin mota ke amfani da shi, ku rufe gidajen da za su zauna a fari. Kafin ku manna shi, ku fara manna shi a jikin riga ku cire sau ɗaya ko biyu don ƙarfinsa ya ragu, in ba haka ba zai ɗauko fentin har da fatar kwalin. Ku danne bakinsa da farce. Ku shafa ruwan toka, kuna jan buroshi daga kan salatif zuwa waje, ba kuna tura fenti ƙarƙashinsa ba. Ya bushe, ku rufe gidajen toka, ku shafa ruwan ƙasa. Baƙi shi ne na ƙarshe. Wajen cire salatif ku bi a hankali, kuna jansa baya a kwance. Inda fenti ya tsallaka layi, siririn buroshi zai gyara. Aikin zai ci muku kwana uku ko huɗu, yawancinsu jiran bushewa ne, kuma mai gaggawa a nan shi ke komawa farko. Wajen yanka da reza ku sa katako a ƙasa, ƙannenku kuma su tsaya nesa.

Kada ku manta da igwa da eriya. Ɗalibai da yawa za su gama jiki tsaf su bar igwar da launi ɗaya, sai ta tsaya kamar yatsa tana nuna inda tankar take. Ita ma gaɓa-gaɓa za ku yi mata.

Samfuri a kan tebur kawai ba zai nuna muku ko fentin yana aiki ba, sai kun gina masa titi. Ku yi bangon gida da kwali a ma'auni ɗaya: ƙofa mai mita 2 ta zama kusan santimita 5.7, taga mai mita 1.2 ta zama santimita 3.4, mutum mai tsayin mita 1.75 kuma santimita 5 daidai. Ku yi wa bangon launin siminti da bulo, tagogin su yi duhu. Sai ku yanka surar tanka ta biyu mai girma ɗaya ku shafe ta da kore, ku ajiye su biyun a gaban bangon, a waje inda rana ke jefa inuwa.

Nisan ma sai an raba shi da 35. Yadi 100 kusan mita 91 ne, a ma'auninku kuwa mita 2.6. Ku auna wannan nisa, ku ja layi a ƙasa. Ku kira abokin da bai ga lokacin da kuka jera su ba, ya tsuguna a kan layin idonsa a rufe, kansa daidai da tsayin samfurin, kamar mai tsaye a titi. Ya buɗe ido daƙiƙa biyu ya rufe, ya faɗi abin da ya fara gani. Ku rubuta amsarsa, ku sauya wa tankokin wuri, ku kira wani. Idan kun gwada mutum goma, ku ɗauke bangon, ku mayar da tankokin biyu gaban ciyawa ko shukar masara, ku sake gwajin daga farko.